Tazargaden da Na Zare daga Tukunyar Iri

Ƙas, ƙas-ƙas, ƙas. Ƙaramin sauti ne ƙwarai, kamar ana karya tsinken tsintsiya a wani ɗaki mai nisa, kuma ba don zafi ya kwantar da kowa da komai a ranar ba, da ban ji shi ba. Wata Laraba ce tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, a bazara ta biyu bayan samun 'yancin kai, ina da shekara tara. Na dawo daga makaranta, an yi azahar, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu, awaki sun lafe a inuwar danga, har taɓaren unguwarmu da ba sa hutawa sun yi shiru. Ina kwance a ɗakin kakata, wadda muke kira Iya, na manna kumatuna a daɓe don in ji sanyi, kaina dab da wata tukunya da ke kurya bayan gadonta. Daga cikin tukunyar sautin yake fitowa. Na ɗaga kai na tambayi Iya mene ne yake taunar abu a tukunyarta. Tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Ta ajiye carbin, ta rarrafo da gwiwa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta kafa kunne a jikin tukunyar, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta yi salati a hankali, ta ce, "Talatu, kira mini uwarki." A nan na tuna abin da hannuna ya yi wata uku da suka wuce.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye kusa da Gubuchi, ƙasar rake da dawa. Baba da damina yana gona, da rani kuma yana wurin matsar rake, inda doki ke zagaya injin ana tafasa ruwan a manyan kasake har ya zama mazarƙwaila. Inna, mahaifiyata, daddawa take yi. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni, ba ta yabona ko a bayan idona. In za ta aike ni sai ta ce "ke", ko ta ce da wani, "gaya wa yarinyar nan". Tun da aka yaye ni Iya ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, ina jin warin buzunta da ƙamshin kayan da ta rataye a azara. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin rashin ƙauna ba, don haka kowace 'yar fari take a garinmu. Amma ban kuma taɓa tsayawa na tambayi kaina ta wace ƙofa ƙaunar Inna take fitowa ba, tunda an rufe mata ta baki.

Abin da ke cikin tukunyar nan irin wake ne, kuma ba waken kasuwa ba. Fari ne ƙanana, da baƙin zobe kewaye da idonsa kamar an ja masa kwalli, shi ya sa a gidanmu ake ce masa mai-kwalli. Yana nuna da wuri a tukunya, yana ba da harawa mai yawa, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ya barin mutum hannu wofi. Iya 'yar Gazara ce. Ranar da za a kawo ta gidan kakanmu, mahaifiyarta ta ƙulle mata cikin tafi ɗaya na wannan wake a gefen zane, kuma tun daga ranar, damina sama da arba'in, bai taɓa yankewa a hannunta ba. Ta aurar da 'ya'ya mata biyu, kowacce ta ƙulle mata nata. Wadda aka kai Kurmin Kogi wata shekarar fari ta tilasta mata dafa nata, wadda aka kai Kudan kuma nata ya gauraye da na kasuwa har ya ɓace. Don haka a iya saninmu, duk duniya babu sauran mai-kwalli sai kwano huɗun nan da ke bayan gadon Iya.

Mai gadinsa kuwa tazargade ne. Wanda bai san shi a daji ba zai iya taka shi ya wuce: ɗan tsiro ne da bai cika wuce gwiwa ba, ganyensa sirara a tsattsage, kore mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari, da 'yan furanni mitsi-mitsi. Amma da ka murza shi a hannu sai wani ƙamshi mai kaifi, mai sanyi da ɗaci a tare, ya bi ta hanci ya hau har tsakiyar kai. Iya ba ta rabo da shi. Jaririn da ke murɗar ciki a jiƙa masa kaɗan, mai jego a zuba mata a ruwan wanka, mai mura a barbaɗa a garwashi ya lulluɓa da zane, yaro mai zazzaɓi a niƙa da man kaɗe a shafe shi. A adaka kuma a cusa shi tsakanin zannuwa don kada asu ya ci. Kowace kaka, bayan an roro wake an sussuke, Iya takan zaɓi iri ƙwaya-ƙwaya, ta shanya shi har sai ya yi ƙara a haƙori, sannan ta jera shi a tukunya: toka tankaɗaɗɗiya, wake, busasshen tazargade, a sake toka, a sake wake, har baki. A can sama a danna wani babban dunƙulen tazargade, a kifa kasko, a liƙe da laka da aka kwaɓa da kashin shanu da dusar gero. Daga nan ba mai taɓawa sai damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, lokacin shukar wake ya yi.

A kakar da nake ba da labari, idon Iya ya fara yana, hannunta kuma yana rawa. Ta jera tukunyar da kanta, da lalube, amma da aka zo liƙi sai ta kira Inna ta miƙa mata kaskon. Shekara goma Inna tana gidan, ba a taɓa ba ta wannan aiki ba. Na ga yadda ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, na ga yadda ta shafe lakar da bayan cokali har ta yi sumul. Ranar ko da ba ta yi dariya ba, da waƙa a bakinta ta yi tankaɗe.

Ni kuma a lokacin damuwata dabam ce. Mu huɗu ne kawai mata a ajinmu, muna tafiyar kusan awa guda kafin mu isa makaranta, ta cikin gonakin rake, muna tsinkar kanya a hanya muna 'yar tsere. Ina son makarantar: ina son ƙarar ƙarfen da ake bugawa, da ƙamshin sabon alli, da carafke a gindin mangwaro lokacin tara. Abin da ba na so shi ne safiyar Litinin, ranar duba tsabta, da ake jera mu ana duba farce da kai da wuya. Farcena a yanke yake, rigata fara tas, amma a gidan da ake dafa kalwa ana rufe ta kwana uku, babu zanen da ke tsira. Akwai wata Jummai, 'yar malamin asibiti, da ke zuwa tana ƙamshin sabulun kanti. Ita ta fara toshe hanci in na tsaya kusa da ita, ita ta raɗa mini "miyar kuka", wai in na zo ba a bukatar daddawa. Sunan ya bi ni har filin wasa. Yau in na tuna sai in yi murmushi, don Jummai yarinya ce kawai mai tsiwa, kuma daga baya mun yi ƙawance har Allah Ya karɓi abarSa. Amma a shekara tara, wannan suna ya fi mini bulalar hedimasta ciwo.

Na san maganin abin, domin na sha jin ƙamshin zannuwan adakar Iya. Sai dai a ranin nan ƙyanda ta shigo ƙauyenmu, mata suna ta sallama a ƙofar Iya, ita kuma ba ta iya cewa babu. Damin tazargaden da ke rataye a azara ya ƙare, na cikin adaka ma ta zazzage ta bayar. Bai rage ko'ina ba sai cikin tukunyar iri. Wata rana kafin azumi, Iya ta tafi barkar haihuwa, na ɗauki guntun wuƙar yankan kuɓewa na ɓanɓare lakar ta wajen bango, na ɗaga kaskon, na yagi rabin dunƙulen, na kakkaɓe tokar. Na kwaɓa jar ƙasa da ruwan randa na mayar da liƙin. Ban san ana sa kashin shanu da dusa don kada laka ta tsage ba ne. A ganina laka laka ce. Na ɓoye ganyen a cikin ɗan kofin da aka raba mana a makaranta ranar bikin 'yanci, kullum in ɗebi kaɗan in naɗe a cikin rigar makaranta. Litinin ta zagayo, Jummai ta sunsuna, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Daɗin wannan shirun nata ne ya mayar da ni ga tukunyar sau biyu, har na kwashe dunƙulen duka, na haɗa da na sahun da ke ƙarƙashinsa, na cike gurbin da busasshiyar ciyawa.

To, ranar Larabar nan, Inna ta shigo ta durƙusa a bakin ƙofa. Aka ciccibo tukunyar zuwa tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma. Da aka juyo ta ga hasken rana sai ga tsaga ta wajen bango, yatsa zai shiga. Inna ta ɗaga kaskon, ƙwari suka taso kamar an watsa baƙin yashi, suna bin hannunta, suna bin tabarma. Ta tsame ciyawar da na cusa, ta dube ta, ta dunƙule ta a hannu ta tura ƙarƙashin gwiwarta. A lokacin na ɗauka sharar banza ce take kawarwa. Aka juye waken, rabinsa ya zama gari, sauran kusan duk huji, wani biyu wani uku. Iya ta ɗebo a tafi, ta murza, ta kai hanci, ta ce ko ƙamshin ma ya gudu. Ta shafa bakin tukunyar da yatsa har ta sami tsagar. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Bana ba a kwaɓa lakar nan da kyau ba." Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "A gafarce ni, Iya." Ni ina tsaye jikin turken akuya, ina kallo na bar Inna ta ɗauki laifina.

Da Baba ya dawo ya ga abin, ya yi jaje, sannan ya ce abin da a wurinsa lallashi ne. Ya ce a bar wa Allah, wake dai wake ne, ranar kasuwar Makarfi zai auno wani. Ya ce malamin gona ma da ke zuwa a keke yana ta maganar sabon iri da wata hoda da ake barbaɗawa, ba sai an sha wahalar toka da ganye ba. Iya ta saurare shi har ya gama, ta ce Allah Ya yi masa albarka, ta juya ta ce da ni gobe in na taso makaranta kada in tsaya wasa. Ta ce ƙwaro ba kullum yake kashe wake ba. In bai taɓa wajen idon ba, ko da huji a jikinsa yana iya tsirowa. Ita ba ta gani, don haka ni ce idonta.

Kwana shida na yi a kan tabarmar nan, daga azahar zuwa la'asar sakaliya, ina ɗaga wake ɗaya-ɗaya ga rana. Mai lafiya a ƙoƙo, mai huji nesa da ido a wani ƙoƙo, wanda ya mutu a faifai don kaji. Faifan ne kullum ke cika. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama wuri ɗaya alhali zuciyarsa tana ta gudu ba sai a kwanakin nan. Tuwo ya daina wuce mini. A aji malam ya tambaye ni bakwai sau takwas na miƙe na tsaya kamar gunki. In na ta da sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake, in sake, in sake rasawa. Na tona rami a bayan gida na binne sauran tazargaden da ke kofina, na kai rigar makaranta rafi a ɓoye na dirje ta da yashi, amma da ta bushe ƙamshin yana nan. Abin da na yi sata dominsa ya zama shi nake gudu, kuma yana manne a wuyana. Mafi tsanani shi ne ganin Inna. Ta daina waƙa a wurin tankaɗe. Kullum da safe ta zo ta gaida Iya, Iya ta amsa kamar yadda ta saba, amma gaisuwar ta gajarce, ba a ƙara "zo ki taya ni kaza". Sau uku ina zuwa har bakin madafa da niyyar in faɗa, sai Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ke, miƙo mini muciya," in miƙa in fita.

Abin da ya tsira bai fi cikin tafi biyu ba, yawancinsa ma mai huji ne. Iya ta sa na shuka ƙwaya goma a bakin makwarara don gwaji, na kewaye da ƙaya. Huɗu suka fito. Ta shafa kawunansu da yatsa ta ce alhamdu lillahi, akwai rai. Sai dai shuka da sauran wata uku, zafi kuma yana ƙaruwa, in aka bar ɗan abin da ya rage haka nan ƙwari za su ƙarasa shi. Dole a sake rufewa, dole kuma sai da tazargade. Masu koli sun ce nasu ya ƙare tun lokacin ƙyanda. Iya ta ce ta san inda yake, wani tudun marmara ta hanyar Gazara inda take tsinka tun tana budurwa. Baba ya ce ta yi kwatance ya je, ta ce idonsa zai wuce shi, hancinta ne ba zai wuce ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka kama hanya, tana riƙe da sanda, ni ina riƙe da ɗaya bakin sandar ina gaba, da goran ruwa a kaina. Tun hantsi zafi ya sauko. Muka wuce fadamun rake, muka wuce rugar Fulani inda wata mata ta ba mu nono muka sha, muka hau tudu. Da muka isa, sai zuciyata ta yanke: masu farautar gafiya sun sa wa wurin wuta, ko'ina baƙi ƙirin, sai kututture. Na gaya wa Iya babu komai. Ta ce in yi shiru. Ta tsaya tana juya fuska a hankali kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ta nuna da sanda ta ce mu bi nan. Can tsakanin wasu duwatsu biyu, inda wuta ba ta shiga ba, sai ga su, guda bakwai ko takwas, sun bushe a tsaye da ganyensu. Na kai hannu zan tuge, ta buge mini hannu. Ta ce ba a tuge shi, yanka ake yi a bar gindin. A yi bisimilla, a karkaɗe kan a ƙasa tukuna don 'ya'yan su zube, kuma ko guda nawa aka samu a bar biyu a tsaye, saboda wata za ta zo bayanmu da nata ɗan ba lafiya.

Ina yanka, ƙamshin yana tasowa cikin zafin nan, sai na ji ba zan iya ƙara ɗaukarsa ko taku ɗaya ba. Na ajiye wuƙar na fashe da kuka, na faɗa mata duka: Jummai, da miyar kuka, da wuƙar kuɓewa, da jar ƙasa, da ciyawa, sau uku. Iya ta zauna a kan dutse. Ina jiran sandar, har ina fatan ta. Can ta ce, "Uwarki ta sani." Na rantse mata ban gaya wa kowa ba. Ta ce, "Ban ce kin gaya mata ba. Wa ke wanke miki rigar makaranta?" Sai na tuna kowace Juma'a Inna ce ke wanke rigar da kanta don kada in ɓarnatar da sabulu, wata uku tana jin ƙamshin da ba na gidan daddawa ba. Na tuna ciyawar da ta tura ƙarƙashin gwiwa. Na tuna muciyar da take cewa in miƙo duk lokacin da na buɗe baki. Ba za ta iya roƙa wa 'yar farinta afuwa a gaban surukarta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Abin da za ta iya shi ne ta sunkuyar da kai ta ɗauka, ta kuwa ɗauka. Iya ta share ido da gefen mayafi, ta ce in ƙarasa yankan rana tana yi. A hanyar dawowa da ta tsaya hutawa a gindin ɗorawa, ta ce ita ma tana da nata laifin, da ta yanke hukunci da yatsa ba ta tambaya ba.

A zamaninmu babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki, balle uwar miji. Da muka isa gida, Iya ko ruwa ba ta sha ba ta sa aka kira Inna, a tsakar gida, Baba yana zaune yana gyaran igiya. Ta miƙa mata damin tazargaden da wata 'yar ƙaramar tukunya, ta ce, "Ke za ki jera, ke za ki liƙe. Hannunki na yarda da shi." Jerawa kuwa ko a kakar da ta wuce ba ta bar wa kowa ba. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta dubi Iya, ta dubi idona da ya kumbura. Da aka zo kwaɓin laka sai ta ce, "Ke, zo nan." Ta sa hannuna a cikin kwaɓin, ta zuba dusa, ta zuba kashin shanu, ta ɗora nata hannun a kan nawa ta danna, muna murzawa tare. Ta daɗe ba ta ɗauke ba, fiye da yadda aikin yake bukata. A iya tunawata wannan ne karo na farko da ta riƙe hannuna ba don ta tsallakar da ni rafi ba. Ba a doke ni ba, Baba ma bai san zancen ba sai bayan shekaru. Horon da Iya ta yanka mini shi ne kullum bayan azahar in kafa kunne a jikin tukunyar in zo in gaya mata abin da na ji. Kwana tamanin da wani abu ina zuwa ina cewa shiru.

Da dawa ta kai ƙugu aka fasa liƙin. Ni da Inna muka shuka shi a kunya shida kacal, a gonar bayan gida inda ido ke kai. Abin da aka roro a kakar nan duka iri aka mayar, ko ƙwaya ba a dafa ba. Sai a kaka ta biyu aka dafa kwano ɗaya. Iya ba ta da haƙori a lokacin, aka dama mata shi da man gyaɗa, ta ci, ta lashe yatsa, ta ce gishiri bai ji ba. Duk gidan aka yi dariya, Inna har da riƙe ciki. Iya ta ƙara damina ɗaya a duniya, Allah Ya jiƙanta. Ni kuma na wuce sakandaren 'yan mata, inda na koyi sunan ƙwaron nan da Turanci da yadda yake ƙyanƙyashewa a cikin ƙwaya, na kuma manta sunan. Ranar da za a kai ni gidan miji a Ikara, Inna ta jawo gefen zanena ta ƙulle wani abu ba tare da ta dube ni ba. Har ta rasu ba ta kira sunana ba, kuma ban ƙara bukatar ta kira ba.

Yanzu wake a jarka ake toshe shi, ko a buhu mai leda, ko a jefa masa ƙwayar magani mai warin da ke sa ciwon kai. Ba na zargin kowa, mai buhu hamsin ba zai yi da tukunya ba, ni ma jikokina in zazzaɓi ya kama su asibiti nake cewa a kai su. Tudun marmarar nan na je nemansa shekarun baya, na tarar da gonar masara da gidaje, duwatsun biyu ma an fasa. Tazargade sai dai in saya a ƙulle a leda, rabinsa gari, mai sayarwa bai san daga inda ya fito ba, balle ya san ana barin biyu a tsaye. Amma mai-kwalli yana nan. Kunya huɗu nake yi a bayan gida, kuma kowace kaka ina jera 'yar tukunyata, toka, wake, ganye, in kwaɓa laka da hannuna, 'ya'yana suna yi mini dariya wai ina da firji ina wasan ƙasa. In bazara ta yi, gida ya yi tsit bayan azahar, har yau ba na iya zama. Sai na tashi na je kuryar ɗaki na durƙusa, ko da gwiwa tana ƙara. Wasu abubuwan ana gafarta wa mutum su, amma kunnensa ba ya mantawa.

Bazarar da ta wuce, ciwon ƙafa ya kwantar da ni, na kasa sauka daga gado. Jikata Ummi, mai shekara biyar, ta ga ina ta juyi ina duban kurya. Ban taɓa gaya mata komai ba, ashe tana kallo. Ta sauka, ta rarrafa bayan gado, ta manna kunnenta a jikin tukunyar, ta riƙe numfashi, ta daɗe. Sannan ta leƙo da toka a kumatu ta ce, "Kwanta abinki, Kaka. Na saurara, babu kowa a ciki, sai ƙamshi."